Kumfa ɗaya tak a gindin tukunya: yadda aka lissafa ta a kwamfuta har aka kai ta sararin samaniya

Duk wanda ya taɓa ɗora ruwan shayi ya tsaya a kansa yana jira ya san yadda abin yake farawa. Da fari wasu ƴan ƙwayoyi za ka gani sun manne a jikin tukunya shiru ba motsi, waɗannan iska ce da ta narke a cikin ruwan, zafi ne yake koro ta, tafasa ba ta zo ba tukuna. Can sai tukunyar ta fara ƙara, to wannan kumfar tururi ce ta gaske take fitowa a gindi amma da ta ɗan ɗago ta haɗu da ruwan sama da bai gama zafi ba sai ta mutu nan take, mutuwar tata ce kake ji. Sai daga baya ka ga kumfa ta tashi daga wani ɗigo guda ta hau sama, wata ta biyo ta daga daidai wannan ɗigon, wata ma ta biyo, kamar an jera su a zare. Wannan kumfa ɗaya da ke fitowa daga ɗigo ɗaya ita nake so mu zauna a kanta, don akwai mutanen da suka kwashe fiye da shekara goma suna fama da ita.

A jami'ar Kalifoniya reshen Los Anjeles aka yi abin, wato UCLA, a ɗakin binciken Farfesa Vijay Dhir, injiniya haifaffen Indiya. A 1999 shi da Gihun Son ɗan Koriya ta Kudu da abokin aikinsu Ramanujapu suka fitar da sakamakon aikin da suka sa kwamfuta ta bi kumfa ɗaya tun tana ƴar mitsitsiya a jikin bango mai zafi har ta girma ta tsinke ta tafi, da duk yadda ruwa yake juyawa a kewayenta da inda zafi yake bi. Har yau in ka shiga wannan fannin kusan dole ka fara ta nan.

Dalilin da ya sa manyan mutane suka damu da kumfa tsohon zance ne. Tun 1934 wani injiniya ɗan Japan, Shiro Nukiyama, ya tsoma waya a cikin ruwa yana ƙara mata lantarki a hankali, ya ga ruwa yana ta kwashe zafin, kumfa na ƙaruwa, kwasar zafi na ƙaruwa, sai kwatsam aka kai wani matsayi da tururi ya lulluɓe wayar gaba ɗaya, ruwa ya kasa taɓa ta, zafinta ya yi tsalle ta narke. Duk macen da ta taɓa yayyafa ruwa a tanda mai tsananin zafi ta ga ɗigon yana yawo yana rawa ya ƙi ƙonewa ta ga ƙanen wannan abin, tururi ne ya shiga tsakanin ɗigon da ƙarfen, wani likita Bajamushe mai suna Leidenfrost ya rubuta a kai tun 1756. Ga ruwa a matsin iska na yau da kullum wannan iyakar tana wajen megawat 1.1 a kowace murabba'in mita, kamar yadda lissafin Zuber na 1959 ya bayar. Rana tsaka da duk zafinta kilowat ɗaya kacal take saukarwa a wannan faɗin, ka ga kenan ninki dubu ake magana. A bututun tukunyar tururi ta tashar wuta irin Egbin ta Legas ko ta Sonichar da ke ƙona gawayin ƙasa a yankin Agadas, in aka ƙetare wannan iyaka bututu ne zai fashe, a tashar nukiliya kuwa sandunan makamashi ne za su lalace. Shekara da shekaru injiniyoyi da dabarar gwaji suke tafiya, a auna sau da yawa a fitar da fomula, irin ta Rohsenow na jami'ar MIT ta Amurka ta 1952, wadda a cikinta akwai wata lamba da sai ka je tebur ka duba gwargwadon wane ruwa ne kuma wane ƙarfe, ka goge ƙarfen ya yi sumul amsa ta canza, ya yi tsatsa ta sake canzawa. Abin da su Dhir suka so shi ne a bar wannan a koma tushe, a ɗauki dokokin motsin ruwa da na zafi a bar su su haifi kumfar da kansu.

Sun fara da gwaji na zahiri, kuma gaskiya nan ne na fi ganin hankalinsu. Tukunya ta gida tana da dubban ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kowanne na iya tayar da kumfa, ba ka isa ka ce ga wadda kake bi ba. Sai suka ɗauki faifan silikon irin wanda ake yin kayan cikin kwamfuta da shi, sumul kamar madubi, suka haƙa masa rami ɗaya ɗan ƙarami a tsakiya, suka sa hita a ƙasa da kyamara mai saurin ɗauka a gefe. Ramin yana da muhimmanci domin kumfa ba ta iya farawa daga babu, fatar ruwa tana matse ta, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon matsin. In ramin faɗinsa maikiron 10 ne (gashin kai ɗaya yana wajen maikiron 70) to tururin da ke ciki sai ya fi ruwan waje matsi da kusan kwatan matsin iskar duniya kafin ya iya leƙowa, wato sai bangon ya ɗara ma'aunin tafasa da kamar digiri 6. Shi ya sa gindin tukunya kullum ya ɗara ma'aunin tafasa in ruwa na tafasa, wannan rarar zafin ita ce abincin kumfa.

A kwamfuta kuma abin da ake yi shi ne a yanka wurin gida-gida kamar dara, kowane gida a ajiye masa gudun ruwa da matsi da zafi, sai a matsa lokaci gaba ɗan kaɗan, a lissafa me ya shiga kowane gida me ya fita, a sake matsawa, haka sau dubbai. Don rage aiki suka ɗauka kumfar zagayayya ce ta kowane gefe, sai suka lissafa yanki ɗaya kawai kamar an tsaga kabewa an ɗauki sala guda, sauran duk kwafinta ne. Wahalar farko ita ce ta yaya kwamfuta za ta san ina ruwa ya ƙare ina tururi ya fara, tunda iyakar tana motsi kuma ba ta bin layin gidajen. Suka yi amfani da dabarar lebul set wadda Stanley Osher, masanin lissafi a wannan jami'ar dai, da James Sethian suka fito da ita a 1988. Kowane gida ana ba shi lamba mai nuna nisansa daga fatar kumfa, na cikin ruwa lamba mai ƙari, na cikin tururi mai ragi, inda lambar ta zama sifili nan ne fatar. Ruwa na motsi lambobin na tafiya da shi. Akwai wasu hanyoyin, kamar VOF ta Hirt da Nichols ta 1981 da ke ƙirga kashi nawa na kowane gida ruwa ne, kowace da nata ciwon, lebul set tana fitar da lanƙwasar fata da kyau amma in ba a kula ba sai ruwa ya riƙa ɓacewa a lissafi ba tare da ya je ko'ina ba.

Wahala ta biyu, a digiri 100 ruwa kilo 958 ne a akwatin da kowane gefensa mita ɗaya ne, tururi kuwa bai kai kilo 0.6 ba, bambancin kusan ninki 1,600 tsakanin gida da maƙwabcinsa. Kuma a daidai wannan iyaka ruwa yana zama tururi, kowane kilo ya sha kilojul 2,257 na zafi sannan ya kumbura ya ture duk abin da ke gefensa. Ɗan kuskure kaɗan a lissafin zafin da ke isa fatar, sai ya dawo maka a matsayin babban kuskure a girman kumfa.

Amma asalin ƙashin bayan lamarin yana ƙarƙashin ƙafar kumfar ne, inda ruwa da tururi da bango suka haɗu su uku. Kumfar ruwa tana tsinkewa ne in ta kai milimita 2 zuwa 3, cikin wasu ƴan gomiya na milisakan (milisakan kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne). To a gefen ƙafarta ruwa yana shiga ƙarƙashi yana sirancewa kamar bakin gatari, daga maikiron kaɗan har ya koma kaurin ƴan ƙwayoyin ruwa da bango ya riƙe gam ba sa ma iya zama tururi. Bari mu ɗan yi lissafi, shimfiɗar ruwa mai kaurin maikiron 5 a kan bangon da ya ɗara da digiri 10, zafin da zai ratsa ta ya haura megawat ɗaya a murabba'in mita, wato ɗan wurin nan da ido ba ya gani yana aiki kamar wuta. Tun 1961 Moore da Mesler suka ga alamarsa da suka auna zafin bango yana faɗuwa farat ɗaya duk lokacin da kumfa ta taso, Cooper da Lloyd suka ƙara tabbatar da shi a 1969. Yanzu in ka ce gidajen dararka su yi ƙanƙantar da za su ga wannan shimfiɗa, maikiron ɗaya-ɗaya, a akwatin da kowane gefensa milimita 5 ne, gida biliyan 125 kake nema. Kuma gwargwadon ƙanƙantar gida gwargwadon ƙanƙantar takun lokaci, a irin wannan girman taku ɗaya ba zai wuce ƴan gomiya na nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan) ba, sai ka yi taku fiye da miliyan kafin kumfa ɗaya ta tashi. Ko yau wannan ba ƙaramin aiki ba ne, balle a 1999.

Abin da suka yi sai suka raba wurin biyu. Babban ɓangare, kumfa da ruwan kewayenta, suka bar wa dara. Ɗan siririn bakin gatarin kuma suka cire shi suka yi masa nasa lissafin daban mai layi ɗaya, irin wanda ake yi wa man da ke tsakanin ƙarafa biyu, wanda Lay da Dhir suka riga suka gina a 1995, a ciki har da ƙarfin da bango yake jan ƙwayoyin ruwa da shi. Wannan ƙaramin lissafi yana fitar da tururi nawa ake samu a wurin, sai a miƙa wa gidan dara na ƙarshe da ke jikin bango. Da suka kunna, kumfar kwamfuta ta yi abin da ta kyamara ta yi, ƙafarta ta buɗe tana faɗi, ta tsaya, ta fara tsukewa yayin da jikin ke miƙewa sama, ta tsinke. Girmanta a kowane lokaci ya zo kusa da wanda aka auna. Sun ga in bango ya ƙara zafi ko kusurwar da ruwa ke zama da ita a jikin bango ta ƙara buɗewa, kumfar takan fi girma kafin ta tafi. Ɗan siririn wurin nan kuwa, duk da ƙanƙantarsa, wajen kashi 20 cikin 100 na zafin ta nan yake bi. Saura yana shiga ta jikin kumfar daga ruwan da ya riga ya ɗau rarar zafi, wani kuma ruwan da ke rugowa ya cike gurbin kumfa in ta tashi shi ke kwashe shi, domin tana tafiya tana barin ɗan juyi a bayanta mai jawo ruwa mai ɗan sanyi zuwa bango. Wannan juyin kyamara ba ta nuna shi sosai, a kwamfuta kuwa ga shi nan kibiya-kibiya.

Ni kaina na taɓa gwada maimaita wannan kumfa a laftof ɗina da OpenFOAM, wata manhajar lissafin motsin ruwa, lokacin ina karatu, kuma hoton farko da ya fito wallahi ya yi kyau, ja da shuɗi, kumfa ta girma ta tashi, na ɗauka da murna na kai wa malamina. Ya daɗe yana kallo sai ya nuna wasu ƙananan juyi da suka jeru a jikin fatar kumfar ya ce waɗannan fa daga ina? Na ce Malam ai motsin ruwa ne. Ya ce to koma ka kashe zafi, ka kashe nauyi, ka ajiye kumfar ita kaɗai a tsakiyar ruwa, ba abin da zai motsa ta, ka dawo ka gaya min ko ta zauna shiru. Ba ta zauna ba. Ruwan da ya kamata ya tsaya cik sai ga shi yana ta juyawa a gefen fatar, igiyoyin ƙarya ne da lissafin lanƙwasa yake haifarwa saboda da'ira ba ta zama daidai a kan gidaje masu kusurwa huɗu, kuma waɗannan igiyoyin suna ɗebo zafi suna kai wa kumfa abincin da ba nata ba. Ya ce min ɗana, kafin ka kusanci bango sai kumfarka ta ci jarrabawar Scriven, wato amsar da aka warware da hannu tun 1959 ta kumfar da ke girma a tsakiyar ruwa mai rarar zafi, inda faɗinta ke tafiya da tushen murabba'in lokaci, wato in lokaci ya ninka sau huɗu faɗin ya ninka sau biyu. Makonni na yi a kan wannan jarrabawar kaɗai.

Wannan ya sa nake karanta aikin 1999 da idon mai tambaya me aka sa da hannu, kuma abubuwan suna da ɗan yawa, su ma ba su ɓoye ba. Kusurwar zaman ruwa auna ta aka yi aka shigar. Haihuwar kumfa ba a lissafa ta ba, ɗan iri ake dasawa a bakin rami a ce to fara daga nan. Kaurin ruwan zafin da ke kwance a kan bango kafin kumfa ta fara daga fomula aka ɗauko. Sannan an ɗauka zafin bango ba ya canzawa, alhali su Moore sun riga sun nuna yana faɗuwa. Daga baya da aka samu kyamarar infrared mai ganin zafi aka riƙa tafasa ruwa a kan siririn fenti mai ɗaukar lantarki da aka shafa a gilashin safaya ana leƙowa ta ƙasa, irin aikin da aka yi a MIT da Koriya, sai ga zoben sanyi ƙarara a ƙarƙashin kowace kumfa. Dole masu lissafi suka shigar da bangon shi ma cikin dara, kamar yadda Kunkelmann da Stephan suka yi a Darmstadt ta Jamus da Sato da Niceno a cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan. An kuma daɗe ana ja-in-ja, wasu na cewa zafin a ɗan layin haɗuwa kawai yake taruwa, wasu na cewa a'a shimfiɗa ce mai faɗi take kwanciya a ƙarƙashin kumfa gaba ɗaya tana bushewa daga tsakiya. Abin da ya bayyana shi ne duk biyun suna faruwa, in kumfa ta girma a hankali layi ake samu, in ta buɗe da gudu har ƙafarta ta kasa bin jikinta sai ta bar shimfiɗa a baya. A ganina wannan bai rage wa aikin su Dhir daraja ba, ya dai nuna iya inda ya tsaya, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake yawan nuna hoton kwaikwayo mai launi ba a faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Jarrabawar da ta fi kowace tsanani ita ce a cire nauyi. Abin da ke tsinke kumfa ai shi ne rashin nauyinta a cikin ruwa yana jan ta sama, fatar ruwa kuma tana riƙe ta a bango, to in jan ƙasa ya ragu fa? Lissafi ya ce in ya ragu sau 100 faɗin kumfa zai ƙaru sau 10, ta milimita biyu da rabi ta koma santimita biyu da rabi, lokacin girmanta kuma ya ninka fiye da haka nesa ba kusa ba. Suka hau jirgin NASA ƙirar KC-135 wanda yake hawa ya sulalo ya ba ka kamar sakan 20 na kusan rashin nauyi, suka tafasa ruwa a ciki, aka ga manyan kumfa kamar yadda aka yi hasashe. Amma sakan 20 ya yi kaɗan, ga jirgi yana girgiza.

A watan Fabrairu 2011 kumbon Discovery a tafiyarsa ta ƙarshe ya ɗauki na'urar zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, gwajin da ake kira NPBX. Ba ruwa aka sa ba wannan karon, wani sinadari ne mai suna fafuloro-hekzen da ke tafasa a wajen digiri 57, a kan faifan alminiyam mai ramuka biyar. A can kumfa ba ta da dalilin tashi. Ta zauna a kan faifan tana ta girma, ƙananan da suka fito a gefe su zo su shige cikinta ta haɗiye su, babbar ta zama kamar rumbun da duk tururi ke taruwa, kuma zafin da ake iya kwashewa ya yi ƙasa sosai da na duniya. Wannan ba ƙaramin darasi ba ne ga masu son sanyaya na'urori a kumbo ta hanyar tafasa.

Sai dai girman kumfar bai zo daidai da lissafin sinadari tsantsa ba, kuma da aka bi diddigi sai aka samu akwai iska narkakkiya a cikin sinadarin. A duniya kumfa ba ta daɗewa balle wannan ya dame ta, a can kuwa tana zaune minti bayan minti, tururi na shiga ta ƙasa yana komawa ruwa ta sama inda ya fi sanyi, iskar da ta shigo tare da shi kuma ba ta komawa, sai ta yi ta taruwa a ciki tana hana tururin komawa ruwa, kumfa ta yi ta ƙara girma. Aktinol da Warrier da Dhir suka koma kan dara suka ƙara wa kowane gida lamba guda ta yawan iskar da ke cikinsa, a 2014 suka fitar da sakamakon, girman kumfar kwamfuta ya dawo ya bi na wadda aka ɗauka a tashar. Iskar nan dai ita ce irin wadda kake gani ƴan ƙwayoyi manne a jikin tukunya tun ruwan shayi bai fara ƙara ba.